"Kiɗan nan na barci": abin da ya sa har yau ake ja-in-ja a kan Albatross

Wani yayana a unguwa, mai gyaran rediyo, shi ne mutum na farko da na taɓa kunna wa wannan kiɗa. Yana sunkuye a kan wata tsohuwar rediyo da ya farke cikinta, na ajiye waya a gefen teburinsa na danna. Abin ya yi wajen minti biyu yana tafiya bai ce uffan ba. Can sai ya ɗago, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ƙanena, yaushe za a fara waƙar?" Na ce, "Yaya, ai ta kusa ƙarewa." Ya girgiza kai ya ce ashe Turawa har share fage suke sayarwa. Bayan mako biyu sai ga yaronsa da waya a hannu, wai Baba ya ce a tura masa "kiɗan nan na barci".

Yabo ne wannan ko zagi? A kan irin wannan tambaya masu sauraro a Birtaniya suka shafe sama da shekara 50 suna sa-in-sa.

Sunan kiɗan Albatross, wato sunan wani tsuntsun teku. Ƙungiyar Fleetwood Mac ce ta fitar da shi a watan Nuwamba na 1968, ta hannun kamfanin faifai na Blue Horizon, kuma Mike Vernon, mai kamfanin, shi ya kula da ɗaukarsa a Landan. Wanda ya tsara shi Peter Green ne, shugaban ƙungiyar, yana ɗan shekara 22 lokacin da faifan ya fito. Tsawonsa minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, babu muryar mutum ko ɗaya a ciki. A ƙarshen Janairun 1969 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin fayafayan da suka fi ciniki a Birtaniya. Duk shaharar da Fleetwood Mac ta yi daga baya, da miliyoyin fayafayan da ta sayar, ba ta sake kai waƙa guda ɗaya wannan matsayi a ƙasarta ba.

Ga wanda bai taɓa ji ba, ga yadda yake. Abin da zai fara shiga kunnenka bugu ne mai kauri, a hankali, kamar zuciyar mutumin da ya kwanta ya huta. John McVie ne a kan jitar bes, Mick Fleetwood kuma yana taɓa ganguna da makaɗi mai laushin kai maimakon sanda tsirara, don haka babu kaifi a bugun. Lokaci-lokaci sai ya shafi fayafayan tagulla, sautin ya taso ya kumbura ya koma, tamkar igiyar ruwa ta zo gaɓa ta janye. A kan wannan shimfiɗa jita take shigowa da 'yan sautuka ƙalilan, ta bar kowanne ya yi ta shawagi har ya dushe da kansa. Daga nan jita ta biyu ta bi ta farko kafaɗa da kafaɗa, wata siririyar kuma ta riƙa kuka daga can sama. Kusan duk tafiyar a kan dunƙulen sauti biyu take (dunƙule shi ne sautuka da ake kaɗawa tare a lokaci ɗaya), a je wannan a dawo wancan. Ba a hanzarta ba, ba a tayar da murya ba, haka har aka sauka.

To mene ne abin faɗa a nan? Sai an san su wa suka fara jin haushi, da abin da suka ɗauki Peter Green a kai.

A farkon shekarun 1960 wasu samarin Ingila suka kamu da son buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ya taso daga gonakin auduga na Misisipi ya bi 'yan ci-rani zuwa Shikago. Ba sha'awa ce ta wasa ba. Sun riƙe abin kamar aƙida. Suna farautar fayafayan Muddy Waters da Howlin' Wolf da Elmore James, suna haddace kowane lanƙwasa, suna kallon kiɗan kasuwa da ake sa wa a rediyo a matsayin shirme na 'yan mata da yara. Irin tsananin da ke cikin abin shi ne a 1965 shahararren mai jita Eric Clapton ya bar ƙungiyar Yardbirds don kawai ta yi wata waƙa da ya ga ta karkata ga kasuwa. Ya koma wurin John Mayall, wanda ƙungiyarsa ta Bluesbreakers ta zama kamar makarantar wannan kiɗa a Landan. Da Clapton ya tashi a 1966, wanda ya gaji kujerarsa shi ne Peter Green, ɗan wani gidan Yahudawa talakawa daga Bethnal Green a gabashin birnin.

Gadon Clapton ba ƙaramin kaya ba ne, amma Green ya ɗauka. A 1967 ya fita ya kafa tasa ƙungiyar, ya haɗa sunayen mai ganga da mai bes ya laƙaba mata. Faifansu na farko, na Fabrairun 1968, buluz ne zalla babu gauraye, kuma ya kai matsayi na 4. Masu aƙidar nan suka ce ga namu ya samu. Sun sami mutanen da suka nuna cewa za a iya cin abinci da kiɗan gaskiya ba tare da an yi masa kwalliya ba. Wata tara bayan haka sai ga Albatross, kiɗan da iyaye mata ke saya, ake sa wa a falo bayan cin abinci.

Zargin farko ke nan, cewa wannan ba buluz ba ne, cin amana ne. Kuma in ana maganar tsari, suna da hujja. Buluz na gargajiya yana da ƙira sananniya: zagaye mai gaɓa 12 a kan dunƙulen sauti uku, mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe. Bayan kowane layi jita takan ba shi amsa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Albatross ba shi da gaɓa 12, ba shi da sautin nan na uku da ke ɗaure ciki kafin a warware. Ko a cikin kaɗe-kaɗen buluz marasa murya ma bare ne. Al'adar irin waɗannan ita ce su zama filin nuna bajinta. Freddie King ya yi Hide Away a farkon shekarun 1960, Clapton ya sake kaɗa shi a 1966 don a san ya iso, shi kansa Green ya kaɗa The Stumble na Freddie King ɗin a faifan Mayall na 1967. Wato in ka ajiye murya, to yatsunka ne za su yi aikin, a ga gudu a ga wuta. Sai ga wanda ake ganin ya fi kowa hannu a Landan ya ajiye murya, ya kuma ƙi yin gudun.

Ni dai ina ganin abin da ya dame su ya fi ƙirga gaɓa zurfi, ko da ba su iya kiran sunansa ba. Jitar buluz magana take yi. Muryar mutum take kwaikwayo: ta yi ƙorafi, ta yi roƙo, ta yi gatse, ta yi kuka. Kunnen Bahaushe ya san wannan sarai, don mu ma kalangu ba ƙara kawai yake yi ba, take yake faɗa, wanda ya iya ji zai mayar maka da shi baki kalma bayan kalma. Shi ya sa yayana ya zauna jiran a fara waƙa: yana jiran a ce masa wani abu. A Albatross babu mai magana. Jitar ta daina kwaikwayon mutum ta koma kwaikwayon ruwa da iska da tsuntsu. Ba labari take ba ka ba, wuri take kai ka ta ajiye. Wanda ya zo neman ɗan'uwa mai irin ciwonsa, aka miƙa masa hoton teku, dole ya ji an yaudare shi.

Inda na rabu da su shi ne batun cin amana. Su waɗannan masu gadin ƙofa, mizaninsu bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A 1958 Muddy Waters ya zo Ingila da jitar lantarki, masu son buluz na lokacin suka ɓata rai, don su a tunaninsu baƙin mutum daga Misisipi sai da jitar katako da waƙar gona. Da ya dawo bayan 'yan shekaru da jitar katakon, sai ya tarar da sabbin samari da ke son lantarkin. A watan Oktoba na 1968, wata guda kafin Albatross, shi Muddy Waters ɗin ya fitar da Electric Mud, aka yi masa caa cewa ya lalata kiɗansa. Abin dariya a nan shi ne samarin Landan ne ke yanke wa jikokin masu noman auduga hukuncin abin da ya halatta a kiɗan kakanninsu.

Sannan a duba inda Green yake a daidai lokacin da ake cewa ya sayar da kansa. A farkon Janairun 1969, faifan na hawa jadawali a gida, shi da mutanensa suna sutudiyon Chess a Shikago suna kiɗa da Willie Dixon da Otis Spann da Buddy Guy da Walter Horton. Wanda ya juya wa abu baya ba ya tsallaka teku ya je ya durƙusa gaban malamansa.

Kuma buluz ɗin bai fita daga kiɗan ba, wurin zama ya sauya. Ka saurari bugun ƙasa da kyau: tafiyar nan ce mai ɗingishi, dogo da gajere, dogo da gajere, wadda ake ji a kowane gidan rawa na Shikago, sai dai an rage mata gudu har ta koma numfashi. Ka saurari yadda yake tura tsirkiya da yatsa har sautin ya hau a hankali ya isa inda ake so, da yadda yake girgiza shi kaɗan a ƙarshe. Wannan hannu daga B.B. King, gwanin jitar buluz na Amurka, Green ya samo shi, kuma an sha ruwaito B.B. King yana yabon daɗin sautin Green fiye da na sauran samarin Ingila. Har zargin da wasu ke yi cewa kiɗan ba nasa ba ne yana ƙarfafa wannan magana. Ana danganta shi da Sleep Walk na Santo da Johnny, na 1959, wanda aka ce shi ya ba Green sha'awa. Ana kuma nuna kamanninsa da Deep Feeling, wani kiɗa mara murya da Chuck Berry ya yi a 1957, wanda shi buluz ne ba tantama. To ba zai yiwu a ce ya yi kama da buluz har ya kai a kira shi sata, a kuma ce ba shi da dangantaka da buluz ba. Sai a zaɓi ɗaya.

Amma kar a ce masu gadin ƙofa sun yi asarar hawayensu gaba ɗaya. Abin da suka ji tsoro ya faru. Bayan Albatross ƙungiyar ta bar Blue Horizon, kamfanin da aka kafa don buluz. Man of the World da Oh Well, waɗanda suka biyo baya a 1969, kowanne ya kai matsayi na 2, kuma kowanne ya ƙara nisa da gaɓa 12. Zuwa 1975 da mawaƙan Amurka Stevie Nicks da Lindsey Buckingham suka shigo, in ban da suna da mai ganga da mai bes babu abin da ya rage na ƙungiyar da Green ya kafa a 1967. Hasashensu ya yi daidai, Albatross ƙofar fita ce. Kuskurensu shi ne zaton kuɗi ne ya buɗe ta.

Zargi na biyu ya fi na farko tsawon rai, don ba ya buƙatar ka san tarihin komai. Shi ne na masu cewa babu abin da ke faruwa a cikin kiɗan. Minti uku ana lilo tsakanin sauti biyu, ba hawa ba sauka. Wannan ƙorafi ya fi fitowa daga masu koyon jita, musamman waɗanda suka tashi bayan shekarun 1980, lokacin da aka mayar da gudun yatsu ma'aunin gwaninta. Za su ce maka ɗan koyo mai wata shida zai iya kaɗa shi.

Gaskiya ne zai iya taɓa wuraren da ya kamata ya taɓa. Abin da zai gagare shi shi ne jira. A kiɗa mai sauri, in ka kuskure sauti ɗaya, goma na bayansa za su binne shi kafin kunne ya farga. A nan kowane sauti tsirara yake tsaye na daƙiƙa biyu ko uku, kowa na kallonsa. In turin tsirkiyarka ya gaza da ƙiris, an ji. In ka shigo da gaggawa da ƙiftawar ido, igiyar ruwan ta karye. Ga kuma wahalar jita biyu da za su lanƙwasa tare, su girgiza tare, kamar hannu ɗaya. A nan ne Danny Kirwan ya shigo, yaro ɗan shekara 18 da ya shiga ƙungiyar a watan Agustan 1968. Green ya daɗe da kiɗan a kansa, samun Kirwan ne ya sa ya iya kammala shi. Jeremy Spencer, wanda shi ne gwanin ƙungiyar wajen zura bututu a yatsa yana jan sa a kan tsirkiya, bai kaɗa komai a faifan ba, duk da an riƙa ganinsa a talabijin yana motsa hannu kamar shi ke yi. Shi Spencer zuciyarsa na wurin Elmore James. Ka ga ke nan tun a cikin ƙungiyar ma ba kowa ne kiɗan ya ɗauka ba.

Duk da haka ba zan ce masu jin gundura kurame ba ne. Akwai abin da suke nema wanda da gaske babu shi. Yawancin kiɗan da muke so yana ɗaure mu ne sannan ya kwance, ya sa mu jira wani abu sannan ya ba mu. Albatross bai yi alkawarin komai ba, don haka bai cika komai ba. Yadda ya fara haka ya ƙare. In ka zo masa da jini a tafashe, a cikin mota ko tsakiyar hayaniya, ba zai kamo ka ba, don ba shi da ƙugiya. Sai ka riga ka sauko da kanka. Kiɗan da ke buƙatar mai sauraro ya zo a shirye yana da rauni ta wannan fuska, masoyansa su daina musun haka.

Wani ɓangaren ƙiyayyar kuma ba laifin kiɗan ba ne, yawan ji ne. An sake fitar da shi a 1973, ya koma har matsayi na 2, alhali Green da Kirwan da Spencer duk sun bar ƙungiyar. Daga nan ya zama abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kowane hoton teku da faɗuwar rana. A tsakiyar shekarun 2000 kantin Marks & Spencer ya sa shi a tallan abincinsa na talabijin, ana nuna narkakkiyar cakulan tana gangarowa a hankali. Akwai Baturen Ingila da yawa da in ya ji bugun farko, abinci yake tunawa ba tsuntsu ba. Mutumin da aka ɗura wa abu shekara da shekaru ba tare da ya nema ba, ba a yi masa adalci in an ce ya saurare shi da sabon kunne. A Amurka kuwa akasin haka ne. Faifan bai ko shiga jerin ɗari na farko ba, don haka Ba'amurke da ya san Fleetwood Mac ta hanyar faifansu Rumours na 1977 yakan ci karo da Albatross ne kamar wanda ya tsinci tsohon hoton mahaifinsa yana saurayi, ya tsaya yana mamakin ashe haka yake a da. Ɗaya ya ƙoshi har ya gundura, ɗaya yanzu ya ɗanɗana. In suka haɗu suna gardama, ba abu ɗaya suke ji ba ko da faifai ɗaya ne.

Makaɗa 'yan'uwansa ba su yi wannan dogon jayayya ba. George Harrison ya faɗa da bakinsa cewa daga Albatross Beatles suka ɗauko yanayin Sun King, wanda ke cikin faifansu na Abbey Road na 1969. Ba hujja ce da za ta rufe bakin kowa ba, don Beatles ma suna da masu ƙin su. Amma tana nuna cewa waɗanda suka san wahalar sana'ar sun ji wani sabon abu a wurin da wasu suka ji fanko.

Saura sunan. Albatross wani ƙaton tsuntsun teku ne, mafi girmansu faɗin fikafikansa ya haura mita uku, yana iya shafe sa'o'i yana tafiya a kan iska bai kaɗa fiffike ba. Wanda ya san haka ya san abin da jitar ke yi. A adabin Ingilishi kuma tsuntsun na da wata ma'ana, daga doguwar waƙar Samuel Taylor Coleridge ta 1798, inda wani matuƙin jirgin ruwa ya harbe shi ba gaira ba dalili, abokan tafiyarsa suka rataya masa gawar a wuya. Daga wannan waƙa aka ɗauko sunan faifan da ya tattara kiɗan a 1969, The Pious Bird of Good Omen. Marubuta na son su ce nasarar kiɗan ce ta zama gawar da aka rataya wa Green. Maganar ta yi daɗin faɗa da yawa, shi ya sa nake ɗari-ɗari da ita. Abin da aka sani shi ne kuɗi da suna sun dame shi har ya nemi abokansa su yarda a riƙa rabar da abin da suke samu, suka ƙi. Ya sha ƙwayar LSD, ya bar ƙungiyar a watan Mayun 1970, daga baya likitoci suka tabbatar yana da taɓin hankali, ya yi shekaru yana shiga asibiti yana fita. Ciwo ne, ba tatsuniya ba. Sai dai wanda ya san wannan ƙarshe yakan ji wani abu dabam a cikin natsuwar kiɗan, kamar ta mutumin da ke neman wurin da zai huta tun kafin kowa ya lura ya gaji. Wanda bai sani ba kuma yakan ji kiɗan barci. Sautin bai canza ba a tsakaninsu.

A ranar 25 ga Fabrairun 2020 Mick Fleetwood ya tara manyan makaɗa a zauren Palladium na Landan don karrama tsohon abokinsa. Da aka zo kan Albatross, David Gilmour na Pink Floyd ne ya fito ya kaɗa. Green bai halarta ba. Ya rasu bayan wata biyar, ranar 25 ga Yuli, yana da shekara 73.

Na gaya wa yayana labarin rasuwar a shagonsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Wane ne kuma haka?" Na ce mai kiɗan nan. Ya ce, "Na barci?" Na ce shi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya lalubo wayarsa a cikin tarkacen wayoyi da batura, ya kunna, ya koma kan aikinsa.